Ƙafa da takarda: shekara uku ba ta da yawa

Ranar Asabar da ta wuce na tsayar da Pragya a bakin titin Buokrom zan tafi Aboabo gaisuwar rasuwa. Ina shiga direban ya waiwayo ya ce, "Ticha, ba ka gane ni ba?" Na gane shi sarai. Yaro ne da na koyar a JHS, kuma a duk shekarun da na yi ina riƙe alli ban taɓa ganin mai gudu kamarsa ba. In an sake shi a mita 400, kafin sauran su gama shan kwana ta ƙarshe shi ya riga ya zauna yana kwance igiyar takalmi.

A hanya ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Wata babbar sakandare, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta ɗauke shi saboda ƙafarsa. Shekara uku ya yi yana ci musu kofi. Duk lokacin da gasa ta matso sai a cire shi daga aji a kai shi sansani, mako biyu, mako uku, babu wanda ya taɓa tambayarsa ina littafinsa na lissafi. Bayan ya gama, wani koci daga wata kwaleji a Amurka ya ga bidiyonsa, ya aiko masa da saƙo. Abu biyu ya nema: lokacin da yake yi a gudu, da sakamakon WASSCE. Na farko ya burge mutumin. Na biyu kuwa, F9 a lissafi, E8 a Turanci. Daga nan magana ta mutu. Yanzu yana tuƙi yana tara kuɗin Nov-Dec.

Da zan sauka ya ƙi karɓar kuɗina. Ya ce, "Babana kullum cewa yake, me ya sa malamai ba su gaya mana ba tun da wuri?" Ban iya ba shi amsa ba, domin ni ma ina cikin masu laifin. Na sha zuwa filin Baba Yara ina ihu ina kiran sunansa, amma ban taɓa taka ƙafa makarantarsu na ce a nuna min rahoton jarrabawarsa ba. Wannan rubutu shi ne amsar da na kasa bayarwa a cikin Pragya.

Bari mu fara da abin da ke hannunmu. Tun watan Satumba na 2017 aka fara karatun babbar sakandare kyauta a ƙasar nan. Kafin nan, mu da muka tashi a zango mun san 'yan ajinmu nawa suka ci BECE amma suka ƙare a Suame Magazine ko Kejetia saboda babu kuɗin makaranta. Yau wannan uzurin ya ragu ƙwarai. Gaskiya ne har yanzu akwai kuɗin akwati da katifa da guzuri da na mota, kuma tsarin shiga bi-da-bi da aka kawo a 2018 ya sa yara da yawa suna zaman gida wata da watanni. Amma ƙofa a buɗe take. Abin da ya rage shi ne yadda yaro zai yi da shekara ukun da aka ba shi, kuma shekara uku, in ka cire hutu da ranakun wasanni da na jarrabawa, ba ta da yawa ko kaɗan.

A ƙarshenta takarda ɗaya ce ake dubawa. Jami'a tana neman daga A1 zuwa C6 a darussa shida: uku daga cikin na dole, wato Turanci da lissafi da kimiyya ko ilimin zaman jama'a, sai uku daga cikin waɗanda yaro ya zaɓa. Kwalejin horar da malamai da ta aikin jinya su ma wannan takarda suke tambaya. Aikin ɗamara, soja ko ɗan sanda ko kashe gobara, inda 'yan wasa da dama ke samun wurin zama, su ma sai sun duba Turanci da lissafinka. Kuma a sakamakon WASSCE na 2025, fiye da rabin ɗaliban da suka rubuta lissafin dole ba su kai C6 ba. Wannan ba labarin 'ya'yan wasu ba ne, namu na ciki.

To, a nan ne wasu iyaye za su ce, ka gani ko? Ai shi ya sa muke hana su wasa. Taura biyu ba ta taunuwa. Ni kuma na ce a'a, ku dakata. Ku zo mu duba waɗanda suka yi nisa a guje-guje a ƙasar nan, mu ga ta wace hanya suka bi.

Joseph Paul Amoah a Prempeh College ya yi karatu, ya wuce KNUST, daga nan ya tafi Jami'ar Coppin State a Amurka. Shi ne ya samo wa Ghana tagulla a mita 200 a gasar Commonwealth ta Birmingham a 2022, ya kuma ci zinare a wasannin Afirka da aka yi a Ankara a watan Maris na 2024. Martha Bissah tana ɗalibar Aduman, nan jihar Asante, ta ci zinare a mita 800 a gasar Olamfik ta matasa a Nanjing a 2014, daga baya ta shiga Jami'ar Norfolk State. Benjamin Azamati daga Presec ya shiga Jami'ar Legon, ya wuce West Texas A&M, a 2021 ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.97, ya karya tarihin da Leo Myles-Mills ya kafa tun 1999. Sai namu na gida, Abdul-Rasheed Saminu, ɗan ƙasar Nanumba da ya yi sakandare a Al-Azhariya nan Kumasi. Ya kai wasan kusa da na ƙarshe a Olamfik ta Faris a 2024, a watan Mayun 2025 kuma ya yi daƙiƙa 9.86 yana sanye da rigar Jami'ar South Florida, ya zama wanda ya fi kowa sauri a tarihin Ghana.

Ku lura da abin da ya haɗa su huɗun. Kowannensu ta ƙofar jami'a ya fita duniya. Jami'o'in Amurka suna ba ɗan wasa karatu da ɗaki da abinci da koci, amma dokarsu ita ce sai ya kasance ɗalibi na gaske, a duba takardunsa kafin ya shiga, a ci gaba da duba makinsa bayan ya shiga. Ashe taurar ba biyu ba ce, ɗaya ce mai baki biyu. Wanda ya ba ɗansa ƙafa ya hana shi takarda ya cuce shi. Wanda kuma Allah ya ba ɗansa ƙafa shi ya ɗaure ta, ya rufe masa wata ƙofa da kuɗinsa ba za su iya buɗewa ba.

Ko ƙwallon da yaranmu suka fi so haka take. Kowa a zango yana son ya zama Mohammed Kudus, daga Nima zuwa Ajax zuwa Ingila. Amma ana mantawa cewa Kudus ta makarantar Right to Dream ya bi, kuma can ana shiga aji kamar yadda ake shiga fili. Kudus nawa muka samu cikin dubban yaran da ke buga ƙwallon unguwa daga Sawaba zuwa Tafo? Sauran fa? Mun san gidajen da aka sayar da fili, ko uwa ta kwashe jarin wake da shinkafarta, aka miƙa wa wani da ya ce shi ejan ne zai kai yaro gwaji Turai, ƙarshe lambarsa ta daina shiga. Duk wanda ya ce ka cire ɗanka daga aji ana saura wata shida jarrabawa, ka kuma kawo kuɗi, ba alheri yake nufinka da shi ba.

Filin da muke zuwa kallon Super Zonals ma kansa wa'azi ne ga mai tunani. Baba Yara ɗan Kumasi ne, ya buga wa Kotoko, aka yi masa laƙabi da sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma. A 1963, bai ko kai shekara talatin ba, motar ƙungiyarsu ta Real Republicans ta yi haɗari a Kpeve, ya samu rauni a ƙashin baya, bai sake buga ƙwallo ba har Allah ya karɓi ransa a 1969. Allah ya jiƙansa. Ƙafa aro ce, rana ɗaya ake karɓe ta. Gwiwa ɗaya ta goce, shi ke nan.

Yanzu ku ɗalibai, ƙannena, da ku nake. Kar wanda ya ce min atisaye ne ke cinye masa lokaci. Atisaye mai kyau awa ɗaya da rabi ne zuwa biyu bayan la'asar. Abin da ke cinye lokacin mun san shi: waya, da cacar ƙwallo, da zaman ataya har ƙarfe ɗayan dare. Yi lissafi da kanka. Awa biyu kullum a shekara uku ya haura awa 2,000, wato kwana 90 cur, dare da rana. Da wannan lokacin ana iya gama manhajar lissafi a sake maimaita ta.

Ga shawarata, kuma abin da na gani yana aiki ne ga yaran da suka bi shi. Mu Allah ya riga ya tsara mana yini da salla biyar, wasu sai sun sayi agogo mai ƙararrawa. Bayan asuba ba a komawa barci: minti arba'in na lissafi, domin lissafi da hannu ake koyonsa, ba da ido ba. Bayan la'asar a tafi fili. Bayan isha'i a duba abin da aka koyar a ranar, tun bai huce ba. Ranar Asabar a ɗauko tsofaffin tambayoyin WAEC, a sa agogo, a rubuta kamar a ɗakin jarrabawa. In za a tafi sansani, a nemi aboki ɗaya amintacce a aji da zai riƙa ajiye maka darasi, ka dawo ka kwafa cikin mako guda. Kuma a fara tun daga aji ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin waɗanda suka faɗi a aji uku, a aji ɗaya suka faɗi, labarin ne bai iso ba sai daga baya.

Wani abu kuma da ba a gaya muku: ku ajiye tarihinku. Kowace gasa, ku rubuta rana da wuri da lokacin da kuka yi, ku ajiye takardar shaida, ku samu wanda zai ɗauki bidiyo. Ku tabbata sunanku da ranar haihuwarku iri ɗaya ne a takardar haihuwa da katin Ghana da rajistar WAEC. Mu 'yan zango wannan yana yawan kama mu: a nan Muhammad, a can Mohammed, a wani wurin Mahama. Kuma kar ku yarda kowa ya rage muku shekaru. Ƙaryar da ta ci kofin yau ita ce za ta hana biza gobe.

Iyaye, ku ma da sauranku. In makaranta ta zo neman ɗanka saboda gudu ko ƙwallo, kar murna ta hana ka tambaya. Wane fanni za a sa shi? Wa zai koyar da shi abin da ya wuce shi in yana sansani? In ya ji rauni wa zai biya asibiti? Kowane ƙarshen zango ka nemi rahoton jarrabawa kafin ka nemi lambar yabo. In ba ka karanta Turanci, kawo mana, mu malamai muna nan cikin unguwa, tare muke sahu a masallaci. Game da 'ya'ya mata kuwa, na san damuwar iyaye kan sutura da tafiye-tafiye, kuma damuwa ce mai tushe. Amma maganinta shi ne a je a zauna da hukumar makaranta a yi maganar dogon wando da ɗankwali da malama mace mai rakiya, ba a yanke hukunci daga gida ba. Akwai yarinyar da gudun nan ne kaɗai zai kai ta jami'a.

Su kuwa shugabannin makarantu da malaman wasanni da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, roƙona ɗaya ne, kuma ba ya buƙatar ko sidi ɗaya daga gwamnati. A kafa doka: ɗan wasan da bai ci Turanci da lissafi a jarrabawar zango ba, ba zai sa rigar makaranta a gasa ta gaba ba sai ya gyara. A ware malamai biyu su riƙa bin 'yan wasa sansani da darasi. Tsofaffin ɗaliban da ke tara kuɗin Milo da takalmi su ƙara da alawus ɗin waɗannan malaman. Makarantunmu na Musulunci ya kamata su riga kowa, domin su ne iyayen zango suka fi amince wa. Makarantar da ta ci kofi da ƙafar yaro, ta sallame shi da F9, ba tarbiyya ta yi ba, haya ta ɗauka ba ta biya ba.

Limamanmu da sarakunan zango su ma su sa baki. Yadda ake sanar da ɗaurin aure bayan sallar Juma'a, a riƙa sanar da ranar rufe rajistar jarrabawa. Yadda ake karrama wanda ya sauke Alƙur'ani, a kira wanda ya ci tsere kuma ya ci lissafi a sa masa albarka a gaban ƙannensa.

Shi kuwa direban nan nawa, mun yi alkawari. Talata da Alhamis bayan isha'i zai ajiye Pragya ya zo gidana da littafi. Shekarunsa ashirin da ɗaya, har yanzu yana fita gudu da asuba ta hanyar filin jirgi. Ban sani ba ko wancan kocin zai sake waiwayarsa, amma C6 a lissafi dai ba ta fi ƙarfinsa ba, in sha Allahu. Akwai benci biyu a ƙofar gidan, kuma allon ya ishi mutum goma. Wanda ke da irin wannan yaron a gida, ya turo shi.