Jirgin Ikko da Layin Dogon Gombe

Duk ɗan Arewa mazaunin Agege da ya shiga sabon jirgin ƙasa zuwa Oyingbo, ya bar motoci cunkushe a titi, tilas ya tuna da gida. Har wasu sun fara kiran a shimfiɗa wa Gombe irinsa. A yi hattara dai.

Ikko kanta ta sha jira. Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin a 1983, mulkin soja ya soke shi a 1985, jirgi bai ɗauki fasinja daga Marina zuwa Mile 2 ba sai 2023.

Irin wannan jirgi na birnin miliyoyin jama'a ne, Gombe kuwa da saura. Abin da ke hannunta shi ne layin dogon da ya iso a 1963, ya kai Maiduguri a 1964, wanda ya riƙa kwasar auduga da gyaɗa zuwa Fatakwal. An ƙaddamar da gyaransa a 2021. A kansa ya kamata 'yan Gombe mazauna Kudu su matsa wa wakilansu, a kuma hana kowa gini a gefensa, domin jirgin Agege ma tsohuwar hanyar dogo ya bi.