Ma'aunin Gudun Harsashi: Mai Araha Ko Mai Suna?

Duk maharbin da ya taɓa ɗura bindigar adaka a dazuzzukan da ke bayan Dutsen Zuma ya san cewa awon albarushi a Suleja har gobe na tafin hannu ne da ƙiyasin ido. In harbi ya yi kyau a yaba wa maƙeri, in ya ɓaci a ɗora wa damina laifi. Abin da ba a taɓa gani da ido ba shi ne gudun da harsashin ya fita da shi, alhali kuwa a nan maganar take, domin idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin dukan yakan ninka huɗu ne.

Turawa sun daɗe da ƙosawa da wannan ƙiyasi. Tun a 1742 wani Bature ɗan Ingila, Benjamin Robins, ya rataye katako mai nauyi yana harbinsa, yana lissafin gudun harsashi daga irin lilon da katakon ya yi. Daga baya aka ƙera wani akwati mai idanu biyu na haske, wanda sai an yi harbi ta samansa. Shi ne mai sauƙin kuɗi, amma yana da cuta iri-iri: hasken rana yakan ruɗe shi, hayaƙin albarushi irin na adaka ya fi ruɗe shi, sa'an nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, mai shi yakan kuskure ya ɗirka wa na'urar tasa harsashi.

To, a 2023 kamfanin Garmin na Amurka, wanda aka fi sani da agoguna da na'urorin nuna hanya, ya fito da Xero C1 Pro a kan dala 600. Ɗan abu ne da ke shiga aljihu, ana girke shi a gefen bindiga, ya aika da igiyar rada ta bi harsashin, ya karanta gudu daga ƙafa 100 zuwa 5,000 a sakan ɗaya. Nan da nan ya mamaye kasuwa. Sai a 2025 kamfanin Athlon, mai sayar da madubin hangen nesa, ya kawo nasa mai suna Rangecraft Velocity Pro a kan dala 400, shi ma da rada, kuma bai fi na Garmin girma da yawa ba. Abin dariya, kamfanonin biyu maƙwabtan juna ne a Jihar Kansas.

Shin ragin dala 200 ɗin nan daga ina aka yanke shi? Ba daga gaskiyar awo ba dai, gwargwadon abin da masu gwaji suka gani, domin bambancin da akan samu tsakanin lissafin na'urorin biyu bai taka kara ya karya ba ga harsashin da ke gudun ƙafa dubbai. Abin da Garmin ke sayarwa da tsada shi ne shekarun da ya riga ya yi a hannun jama'a, an ga rana an ga ruwa da shi, an san halinsa. Na Athlon kuwa baƙo ne, ba a gama sanin tsufansa ba. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mutumin Suleja, wanda idan na'urar ta mutu ba shi da wurin kai ta gyara a Kasuwar IBB, kuma mayar da ita Amurka wata asara ce ta daban.

Amma fa lambar da ta fi amfani ga maharbi ba ita ce mafi girma ba. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin harbi da harbi. Idan aka yi harbi goma da awo ɗaya, aka ga wani ya yi sama ƙwarai wani ya faɗo ƙasa, to, ko albarushin ya sha laima, ko awon ba daidai yake ba. Wannan kuwa ko wace daga cikin biyun za ta nuna shi sarai. Haka nan za ta kunyata mai ƙara albarushi da sunan neman ƙarfi, domin akwai iyakar da ƙarin ba ya haifar da gudun kirki sai hayaƙi da matsi a cikin bututu, kuma daga nan ne yatsu da idanu suke salwanta.

Saboda haka mai araha ta wadatar, in dai arahar ce za a kira ta, tun da dala 400 a 2025 ta haura Naira rabin miliyan. Wannan ba sayayyar mutum ɗaya ba ce. Ta ƙungiyar maharba ce a ƙarƙashin shugabanninsu, a ajiye ta wuri ɗaya ana gwada bindigogi kafin a shiga farautar rani. Sai dai Dokar Makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon wajabta lasisi har ga bindigar da ake ɗurawa ta baki, kuma wanda ba shi da takarda da wuya ya yarda ya kawo tasa bainar jama'a a auna.