Shago na ciniki, hannun jari na kwance

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama gaban kwamfuta a biro ya san Windows da Word, hajar kamfanin Microsoft na Amurka. Yau zancen waɗanda suka zuba kuɗinsu cikin kamfanin za mu yi, domin sun ga jarrabawar da ɗan kasuwa zai fi kowa gane ɗacinta.

A Disamba 1999 hannun jari guda ya kai wajen dala 59, bisa lissafin yanzu. (Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba.) Cikin Janairu 2000 Bill Gates ya miƙa ragama ga Steve Ballmer, ba a jima ba kasuwar hannun jari ta karye. Daga nan farashin ya yi zaman dirshan, galibi tsakanin dala 25 da 30, fiye da shekara goma.

Abin takaicin, shagon bai daina ciniki ba. Kuɗin shigarsa ya tashi daga wajen miliyar 23 a 2000 zuwa kusan miliyar 78 a 2013. Mai jari yana jin labarin riba kowace shekara, in ya duba takardarsa sai ya tarar ba ta motsa ba. Kullum kuma ga Apple da Google suna wucewa da ƙura.

Fushi ya sauka kan Ballmer, kuma yana da nasa alhakin: ya raina iPhone a 2007, a shekarar ya sayi kamfanin talla aQuantive kan sama da miliyar 6, kuɗin da aka yi wa sallama a 2012. A Mayu 2011 mai juya jarin jama'a David Einhorn ya fito fili ya nemi ya sauka. Ranar da ya ba da sanarwar ritaya, a Agusta 2013, farashin ya hau da kashi 7 cikin ɗari. Wace irin bankwana ke nan!

Amma a ganina rabin laifin na masu saye ne. Wanda ya cika sito da wake lokacin da mudu ya yi tsadar hauka, ba waken ne ya cuce shi ba. Masu sayen 1999 sun biya kuɗin ribar shekaru masu yawa tun kafin ta zo.

Satya Nadella ya karɓi kamfanin a Fabrairu 2014. Sai a Oktoba 2016 farashin ya haye na 1999, kusan shekara 17 bayansa, lokacin da da yawa sun riga sun gaji sun sayar.