Tallar Ɗan Takara da Maganar Iyaka: Darasi Daga Ƙasar Kazaure

Gabatarwa

Duk lokacin da kakar zaɓe ta kama, majalisun hira na Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura sukan rabu gida biyu ko uku. A teburin mai shayi da tashar mota da rumfunan kasuwa, akan tarar kowa ya riƙe gwaninsa, yana wasa shi, yana kushe na abokin zamansa. Wannan ba abin ƙi ba ne, gama gardamar siyasa tsohuwar al'ada ce a wannan yanki tun zamanin NEPU da NPC. Abin takaicin shi ne, akwai magana guda wadda ta shafi tukunyar kowane gida a nan, amma ba safai ake jin ta a bakin masu neman shugabancin ƙasa ko magoya bayansu ba. Maganar kuwa ita ce ta hulɗar Nijeriya da maƙwabtanta, musamman Jamhuriyar Nijar.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa abin da ake kira siyasar ƙasashen waje, a wurin mutumin Kazaure maganar cikin gida ce, kuma masu tallar 'yan takara sun daɗe suna mayar da ita ado da kwalliya. Muddin mai ƙuri'a bai tilasta wa ɗan takara ya faɗi matsayinsa a kanta kafin zaɓe ba, to, a kasuwa zai ji amsar bayan zaɓe.

Kazaure da iyaka

Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure a 1819, a mahaɗar ƙasashen Kano da Katsina da Daura. A wancan zamani babu wani layi da ya raba wannan yanki da Damagaram, sai dai yaƙi wani lokaci, fatauci da auratayya a yawancin lokaci. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata iyakar, suka kafa mata duwatsu tsakanin 1906 da 1908. Layin ya raba mulki, amma hanyoyin fatake suna nan. Wanda ya tashi daga Kazaure ya bi ta Daura, sai ga shi a Kwangwalam, daga nan ya nufi Matamaye da Damagaram. Wanda ya tashi daga Ɓaɓura kuwa, ta Babban Mutum zai shiga Magarya. Ta waɗannan hanyoyi, da ta kasuwar Maigatari mai ci ranar Alhamis, shanu da raƙuma da wake suke gangarowa kudu, masara da kayan masana'antu suke haurawa arewa.

Shugabannin farko sun san da haka. A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, Shugaba Jori Hamani na Nijar ya tsaya tare da gwamnatin tarayya. A 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin guiwa mai mazauni a Yamai, a 1975 kuma aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko. Amma tarihin yana da ɗaya fuskar. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe kan iyaka daidai lokacin da fari ya addabi Nijar, ba a buɗe ba sai 1986, har mutanen can suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan El-Buhari. Ke nan umurni guda daga fadar gwamnati yana iya sauya farashin kwanon gero a ɓangarorin biyu.

Yadda ake tallar ɗan takara

Ɗalibin Hausa ya fi kowa sanin ƙarfin kalma guda a siyasa. A zaɓen 1979, lokacin da Kazaure take cikin Jihar Kano, jam'iyyar NPN ta riƙe gida da masara tana cewa Aminci, PRP ta riƙe mabuɗi tana cewa Nasara, GNPP kuma tana cewa Adalci. Malam Aminu Kano ya sami fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un jihar, ko da yake Alhaji Shehu Shagari ne ya ci ƙasa baki ɗaya. Take da kirari da waƙa da zambo su ne makaman wancan zamani, kuma har gobe ana aiki da su. Sai dai a wancan lokaci akwai lacca, inda mai magana yakan ɗauki sa'a guda yana warware manufar jam'iyyarsa a gaban talakawa.

A zamanin baya-bayan nan tallar ta zama sana'a mai cin kuɗi. A 2014 jam'iyyar APC ta ɗauko kamfanin AKPD na Amurka, wanda David Axelrod, mashawarcin Barack Obama, ya kafa. A 2018 kuma asiri ya tonu cewa wani attajiri mai goyon bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya yi hayar kamfanin Cambridge Analytica na Ingila domin zaɓen 2015. Duk da haka, abin da ya iso kunnen manomin Gwiwa bai wuce kalmar Canji ba, tare da tsintsiya da waƙoƙin Dauda Kahutu Rarara da muryoyin sojojin baka a gidajen rediyo. Aikin mai talla shi ne ya taƙaita, kuma abin da ba ya taƙaituwa, irin su maganar kwastan da yarjejeniyar ƙasashe, shi ake fara zubarwa.

Wannan ba ya nufin ƙasashen waje ba sa fitowa a yaƙin neman zaɓe. Suna fitowa, amma a matsayin shaidar isa. A Fabrairun 2015 Buhari ya yi jawabi a zauren Chatham House na Landan. A Janairun 2019 Alhaji Atiku Abubakar ya tafi Amurka, bayan abokan hamayyarsa sun shekara da shekaru suna cewa ba ya iya shigarta, sai tafiyar ta zama abin gardama na makonni. Kafin zaɓen 2023, Bola Tinubu da Peter Obi da Rabi'u Musa Kwankwaso kowa ya je Chatham House, aka dawo ana musu a kan wanda ya amsa tambaya da bakinsa da wanda ya miƙa wa muƙarrabansa. A duk wannan, tambayar ita ce wa Turawa suka karɓa. Tambayar abin da za a yi da Kwangwalam da Maigatari ba ta sami irin wannan gata ba.

Misalai uku

Misali na farko ya faru a ƙarshen Janairun 2019, lokacin da gwamnonin Damagaram da Maraɗi suka halarci taron APC a Kano, inda Shugaba Buhari yake neman wa'adi na biyu. PDP ta ce wannan shisshigi ne na baƙi a zaɓen Nijeriya, magoya bayan APC suka ce zumunci ne. Aka yi zaɓe ranar 23 ga Fabrairu. A watan Agusta na wannan shekara gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kuma ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020, Maigatari tana cikin mashigai huɗu na farko. An yi ta cece-ku-ce a kan baƙin da suka hau dandamali, amma matakin da ya tsayar da fatauci wata goma sha shida ba a shimfiɗa shi a gaban masu zaɓe ba.

Misali na biyu shi ne titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka tsara ya ratsa Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Majalisar zartarwa ta amince da shi a Satumbar 2020 a kan kusan dala biliyan biyu, aka ba kamfanin Mota-Engil, aka aza harsashi a Fabrairun 2021. Masu suka suka ce Buhari yana yi wa danginsa na Nijar aiki da bashin Nijeriya, masu yabo suka ce Baba ya cika alkawari. Tsakanin zambo da kirari aka rasa tambayoyin da suka fi amfani: wane kaya jirgin zai ɗauko, yaya za a biya bashin, wace diyya masu gonaki za su samu, kuma me tashar Kazaure za ta jawo wa garin?

Misali na uku ya fi tsanani. A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, Tinubu ya sami ƙuri'a 421,390 a Jihar Jigawa, Atiku ya sami 386,587. Gardamar wancan lokaci ta tafi ne a kan addinin ɗan takara da mataimakinsa, da yankin da mulki zai koma, da ƙarancin takardun Naira. An rantsar da sabon shugaba ranar 29 ga Mayu, ya zama shugaban ECOWAS ranar 9 ga Yuli, ranar 26 ga Yuli kuma sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum. Cikin 'yan kwanaki aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da Nijeriya take ba Nijar, aka ba sojojin wa'adin mako guda tare da barazanar yaƙi. Sanatocin arewa suka ƙi, Majalisar Dattawa ta nemi a bi hanyar sulhu, malamai da masu sarauta suka riƙa zirga-zirga zuwa Yamai. Motocin kaya suka yi jerin gwano a bakin iyaka, albasa tana ruɓewa, dillalan dabbobi suka zauna hannu rabbana. Sai a Maris na 2024 aka buɗe, a Janairun 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Wata biyar kacal ke tsakanin ranar jefa ƙuri'a da ranar da maganar da aka ƙi tattaunawa ta zama babbar magana.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Adalci ne a saurari masu ja da wannan ra'ayi. Na farko, suna cewa ɗan takara bai san gaibu ba, ba zai iya faɗin abin da zai yi da juyin mulkin da bai auku ba. Gaskiya ne, amma kafin 2023 an riga an yi juyi a Mali a 2020 da 2021, a Gini a 2021, a Burkina Faso sau biyu a 2022. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, ba sai ya yi duba ba kafin ya shafa wa nasa ruwa. Abin da ake bukata daga ɗan takara shi ne ya faɗi ƙa'idarsa: shin yana ganin rufe iyaka makami ne da ya halatta a ɗauka a kan talakawan da ba su yi laifi ba?

Na biyu, suna cewa rufe iyaka a 2019 ya taimaki manoman shinkafa, ya kuma rage fasa-ƙwauri da shigowar makamai. Babu shakka noman shinkafa ya bunƙasa a fadamun Jigawa, kuma manomin da ya sayar da buhunsa da daraja yana da dalilin godiya. Amma mai saye ya biya da tsada, kuma hanyoyin daji ba su rufu ba. Idan manufa tana da mai riba da mai hasara, to, wannan shi ne babban dalilin da zai sa a kawo ta gaban jama'a kafin zaɓe, kowa ya auna da kansa.

Na uku, suna cewa talaka ba ruwansa da siyasar duniya, cikinsa yake ji. Wannan raini ne. Mutumin da ya san canjin Sefa da Naira tun da asuba, wanda yake sauraron sassan Hausa na gidajen rediyon duniya safe da yamma, wanda 'yarsa take aure a Magarya, ya fi masu talla da yawa fahimtar abin da ke tsakanin ƙasashen biyu. Abin da ya rasa shi ne wanda zai kawo masa maganar da harshensa, ya kuma saurari tambayarsa.

Kammalawa

A nan ne nauyi ya hau kan malamai da ɗaliban Hausa. Manufofin jam'iyyu da Ingilishi ake rubuta su, da Ingilishi ake kare su a Landan da Abuja, abin da ake ragewa Hausa shi ne waƙa da habaici. Sashen da ya iya nazarin zambon mawaƙa ya iya fassara babin hulɗa da ƙasashen waje na kowace jam'iyya, ya jera su gefe da gefe, ya miƙa wa gidajen rediyo. Ɗalibin da zai koma hutu Roni ko Ɓaɓura yana iya shigar da tambaya guda a majalisarsu, ba tare da ya bar jam'iyyarsa ba.

Zaɓen 2027 yana tafe, masu talla kuma za su zo da sabon take da sabuwar waƙa. Ya kamata duk wanda ya zo neman ƙuri'ar wannan yanki, ko wace tuta ya ɗauko, a tambaye shi a bainar jama'a: a wane hali zai rufe iyaka, wa zai shawarta kafin ya rufe, yaya zai yi hulɗa da Nijar yanzu da ta bar ECOWAS, kuma me zai yi da titin jirgin Maraɗi? Wanda ya amsa, a rubuta amsarsa a ajiye domin ranar hisabi. Wanda ya kauce, mai ƙuri'a ya san da wa yake ciniki.