Sharhi: Na'ura Ba Ta Maye Gurbin Idon Ma'aikaciyar Jinya

A cikin watan Disamban shekarar 2020, daidai lokacin da annobar korona ta cika asibitocin duniya maƙil, wasu likitoci na jami'ar Michigan ta ƙasar Amurka suka buga sakamakon wani bincike da ya girgiza masu aikin ceton rai. Binciken ya shafi ƴar ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa domin auna yawan iskar oksijin da ke cikin jininsa. Likitocin sun duba marasa lafiyar da na'urar ta nuna iskarsu tana tsakanin kashi 92 zuwa 96 cikin ɗari, wato adadin da ba ya tayar da hankali, sa'an nan suka kwatanta da abin da gwajin jinin jijiya ya nuna. A tsakanin fararen fata, ƙasa da kashi 4 cikin ɗari ne aka samu iskarsu ta faɗi ƙasa da kashi 88 ba tare da na'urar ta gane ba. A tsakanin baƙaƙen fata kuwa, adadin ya kusa kashi 12 cikin ɗari, wato ninki uku ke nan.

Dalilin haka yana cikin yadda na'urar take aiki. Tun a farkon shekarun 1970 wani injiniya ɗan ƙasar Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabarar: ana haska jan haske da kuma wani hasken da ido ba ya gani ta cikin yatsa, a auna yawan hasken da jini ya shanye. To amma sinadarin da ke sa fata ta yi duhu shi ma yana shan haske, kuma yawancin mutanen da aka yi amfani da su wajen daidaita waɗannan na'urori masu hasken fata ne. Ƙa'idar da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta shimfiɗa a shekarar 2013 ta wadatu da a samu masu duhun fata mutum biyu kacal, ko kashi 15 cikin ɗari, a cikin waɗanda za a yi gwajin a kansu.

Abin takaici shi ne maganar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1990 wasu likitoci biyu a Amurka suka nuna cewa adadin kashi 92 da ake amincewa da shi ga farar fata bai isa ga baƙar fata ba, sai an nemi kashi 95. Shekaru talatin aka yi ba a ɗauki wani ƙwaƙƙwaran mataki ba. Sai bayan ɓarkewar annobar korona hukumar ta Amurka ta yi gargaɗi a watan Fabrairun 2021, gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamitin bincike wanda aka wallafa rahotonsa a watan Maris na 2024, kana a watan Janairun 2025 hukumar Amurkar ta fitar da daftarin sabuwar ƙa'ida mai neman a gwada kowace na'ura a kan mutum 150 ko fiye, masu launin fata dabam-dabam.

Gyaran ƙa'ida abu ne mai kyau, amma na'urorin da aka riga aka ƙera suna nan maƙale a yatsun majinyata daga Landan zuwa Jidda, daga Kumasi zuwa Njamena. Kafin a sauya su, rayuwar majinyaci tana hannun wadda ke tsaye a bakin gadonsa, wato ma'aikaciyar jinya ta sashen kulawa ta musamman. Likita yakan zagayo ya wuce. Ita ce ke kwana da majinyacin, ita ce kuma ke ganin yadda numfashinsa ya sauya tsakanin ƙarfe biyu da ƙarfe uku na dare.

A nan ne ilimi da basira ke yin aikinsu. Ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya ta san cewa baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, saboda haka idan ta ƙirga ta samu 28, ba za ta saki jiki ba ko da allo yana nuna kashi 95. Takan lura ko majinyaci yana haki, ko yana kasa ƙarasa magana, ko ya fara rikicewa yana fizge-fizge. Ta san cewa canjin launin da littattafai ke bayyanawa a matsayin alamar ƙarancin iska ba ya fitowa sarai a baƙar fata, don haka takan duba harshe da dasashi da cikin leɓe. Ta san sanyin yatsa, da raunin gudun jini, da jan farce, da motsin hannu duk suna ɓata awon. Ta kuma san cewa wanda ya shaƙi hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki, na'urar za ta iya nuna iskarsa lafiya lau alhali yana bakin halaka, domin ba ta bambance wannan guba da oksijin. Idan abin da idonta ya gani ya saɓa wa abin da allo ya nuna, sai ta nemi a ɗebi jinin jijiya a auna. Hausawa dai sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Akwai masu ganin cewa bai wa ma'aikatan jinya damar ja da na'ura zai buɗe ƙofar yin aiki da ka, kuma ai domin kauce wa kuskuren ɗan Adam aka ƙera na'urar. Wannan damuwa tana da tushe. Na'urar yatsa ta ceci rayuka masu ɗimbin yawa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin abubuwan da za a tabbatar da su kafin a fara tiyata tun a shekarar 2008, kuma asibitin da ba shi da ita yana cikin hatsarin da ya fi na wanda ke da mai ɗan kuskure. Sai dai basirar da ake magana a kai ta horo ce, wadda ta san iyakar kayan aikinta, take haɗa adadi da sauran alamu kafin ta yanke hukunci.

Irin wannan basira kuwa tana da sharuɗɗa. Wajibi ne makarantun koyon aikin jinya su koyar da alamun cuta kamar yadda suke bayyana a kowane launin fata. Wajibi ne a samu isassun ma'aikata. A Birtaniya ƙa'idar ita ce ma'aikaciya ɗaya ga majinyaci ɗaya idan yana kan na'urar taimakon numfashi, domin wadda aka jibga wa gadaje da yawa ba ta da lokacin ƙirga numfashi. Haka kuma wajibi ne likitoci su saurari ƙaramar ma'aikaciyar da ta ce hankalinta bai kwanta da majinyaci ba, ko da allo bai yi ƙara ba.

Ga ma'aikatun lafiya na ƙasashen Afirka da ke sayen waɗannan na'urori daga ƙetare, ya kamata kafin su sa hannu a kan kowace kwangila su tambayi kamfanin da ya ƙera: a kan fatar su wa aka gwada ta, kuma mutum nawa ne.