TITI NA KOWA NE, A BA MAI KEKE RABONSA

Jama'a, duk wanda yake so ya san ko su wane ne suke ɗauke da birnin Zazzau a kafaɗa, sai ya yi sammako ya tsaya a bakin Ƙofar Doka, ko Ƙofar Gayan, ko Ƙofar Kuyambana, ya zuba ido. Zai ga mai kayan miya ya ɗauro kwandon tumatir a bayan keke ya nufi kasuwa. Zai ga ɗan makaranta da jakarsa, da malamin firamare, da mai gadi wanda ya kwana a bakin aiki yana komawa gida, da manomi ya ɗaura fartanya za shi gona bayan ganuwa. Sa'an nan kuma zai ga irin tafiyar da suke yi, watau a raɓe, tsakanin bakin kwalta da lambatu, mota tana yi musu oda daga baya, ɗan acaɓa yana gogar su daga gefe, lori kuwa in ta taso sai kowa ya nemi inda zai faɗa. Keken da muke nufi a nan shi ne na takawa, wanda iyayenmu suke kira basukur, kada a ɗauka Keke Napep muke faɗi.

To, tambayarmu ga mahukunta ita ce, ina rabon wannan bawan Allah a cikin titin da aka yi da kuɗin jama'a?

Wani zai ce me ya kawo maganar keke yanzu, ga yunwa, ga rashin tsaro? Ai yunwar ce ta kawo ta. Ran 29 ga watan Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200, kafin mako ya zagayo ta kai wajen 500, a cikin 2024 kuwa har ta haura 1,000. Kuɗin mota ya tashi, na acaɓa ya tashi, abin da talaka yake samu a yini bai tashi tare da su ba. Sai mutane suka shiga zaure suna sauko da tsofaffin kekunan da aka rataye, aka kai wa mai gyara ya sa taya ya ɗaure birki. Wanda zai biya kuɗin abin hawa zuwa da dawowa kwana shida a mako, in ya hau kekensa, wannan kuɗi ya zama na cefane. Saboda haka maganar keke maganar tuwo ce.

Ku tuna fa, keke ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A zamanin En'e, malamin makaranta da malamin asibiti da ɗan kasuwa mai rufin asiri, duk alfaharinsu shi ne Rali sabo fil. Har lasin ake yanka wa keke a wancan zamani, mai keke ya biya, a ba shi lamba ya maƙala. Ashe tun can hukuma ta san da shi in ana maganar karɓa. Da kuɗin fetur suka shigo, sai aka mai da hawan keke abin kunya, alamar wanda bai samu ba. A 2001 Ministan Sufuri, marigayi Ojo Maduekwe, ya fito yana kiran mutane su koma ga keke, shi da kansa ya hau a Abuja, sai wata bas ta ture shi ya faɗa rami. Aka yi ta dariya a jaridu. Mu kuwa ba mu ga abin dariya ba. In minista da 'yan rakiyarsa bai tsira a kan titi ba, yaya ɗan shekara goma sha biyu mai zuwa Alhudahuda zai yi? Kuskuren ministan shi ne ya ce a hau keke tun ba a yi wa keke hanya ba.

Haka kuma aka yi da acaɓa. Gwamnatin Kano ta hana shi a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Gwamnatin Kaduna ta kafa tata dokar a 2014 a manyan garuruwan jihar, har da Zariya. Ba mu musun dalilin tsaro da aka kawo. Amma a lura, kullum abin da ya fi sauƙi ga mai mulki shi ne ya ce “an hana”. Da wuya ka ji ya ce “ga abin da muka tanadar muku a madadinsa”. A 2019 Gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta fara shirin sabunta birane, aka yi tituna a Kaduna da Kafanchan da Zariya. Titi abu ne mai kyau, ba ma ƙin sa. Sai dai a tambayi mai keke ko da aka faɗaɗa hanya tsoronsa ya ragu. Titi in ya yi faɗi ya yi santsi, gudun mota ne yake ƙaruwa, wanda yake gefe kuwa shi ne a bakin mutuwa.

Alhali kuwa da wuya a sami garin da ya dace da keke kamar Zariya. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara sai kaɗan. Daga Birni zuwa Tudun Wada taku ne, daga nan zuwa Kongo da Sabon Gari ba wata tafiya ba ce, Samaru ce kaɗai mai ɗan nisa. Mutum mai lafiya yana cin kilomita 5 a kan keke cikin minti 20 ba tare da ya yi haki ba. Ga shi kuma gari ne na 'yan makaranta, ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga Barewa, ga Kwalejin Nuhu Bamalli, ga makarantun allo da na Islamiyya ba iyaka. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, makarantar koyon fasahar sufuri ta Nijeriya duka, watau NITT, a nan Zariya take tun 1986. Masana hanya suna gidanmu, mu kuwa muna raɓe a bakin lambatu.

To me ya hana? Mun san abubuwa huɗu, kuma ba za mu ɓoye muku ko ɗaya ba.

Na farko, ƙuncin hanya. Kakanninmu sun shata birnin nan domin mai ƙafa da mai jaki da mai doki. Lungunan Kwarbai da Kusfa da Limanci da Juma ba su da filin da za a yanka wa kowa rabonsa, kuma ba mu yarda a rushe soron kowa ko katangar kowa da sunan hanyar keke ba. Abin da cikin ganuwa yake bukata shi ne a rage wa mota gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa inda mutane suke cuɗanya da motoci, kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa, gama wanda mota ta buge a wannan gudu yawanci yakan rayu, in gudun ya kai 50 ko ya fi, sai abin da Allah ya yi. A sa tudun rage gudu, a hana manyan loriloli shiga a lokacin tafiya makaranta da tashi, lungun da ya yi ƙunci a mai da shi hanyar mota mai zuwa gefe ɗaya. Kuma kada a dasa kankare a hanyar da dawaki suke bi ran Hawan Salla da Hawan Daushe. A can sai a yi shinge irin wanda ake ɗaukewa a mayar. Manyan titunan bayan ganuwa kuwa, su ne suke da faɗin da za a keɓe wa keke wajen mita 2, a yi masa dakali ya raba shi da mota. Fenti kaɗai ba ya tsare ran kowa, kwana uku za ka ga an ajiye mota a kansa.

Na biyu, tsoron 'yan kasuwa, kuma da ku muke yanzu, masu tebur da masu rumfa da masu tallan bakin hanya. Mun san dalilin da ya sa gabanku yake faɗuwa duk ran da aka ce za a gyara titi, gama kun sha ganin jan fenti a bango, bayansa kuma katafila. Tsoronku yana kan hanya. Amma ku duba da kyau, wa ya cinye bakin titi? Filin da mota ɗaya take tsayawa tun safe har la'asar zai ɗauki kekuna wajen goma. Mai keke shi ne yake tsayawa a gaban teburinka ya sayi barkono da sabulu, mai gilashi a rufe wucewa yake yi ya bar ka da ƙura. Saboda haka matsayinmu a fili yake, filin hanyar keke daga wurin ajiye motoci za a ɗebo shi, kada a taɓa teburin mai neman abin sa wa a baka. In har ya zama dole wani ya matsa, a nuna masa inda zai koma tukuna, da yardarsa, a rubuce.

Na uku, yawan iyayen gida. Wannan titi na Gwamnatin Tarayya ne, wancan na Jiha, wancan kuma na Ƙaramar Hukuma, ƙananan hukumomin ma biyu ne, Zariya da Sabon Gari. Kowa ka je wurinsa sai ya nuna maka ƙofar wani. A da shugabannin ƙananan hukumomi sukan ce kuɗinsu yana hannun Jiha. To, ran 11 ga watan Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. In suna samu, su nuna mana aiki. In ba sa samu, su fito su faɗa wa jama'a wanda ya riƙe.

Na huɗu, kuma shi ne babba, masu yanke shawara ba sa hawa keke, 'ya'yansu ma ba sa hawa. Ɗan siyasa ya fi son gadar sama, gama ana hango ta daga nesa, ana yanka mata kirtani a ɗauki hoto, kwangilarta kuma mai tsoka ce. Hanyar keke aiki ne mai araha, arahar tasa ita ce laifinsa.

Kada wani ya ce muku wannan abin Turawa ne, mu ba za mu iya ba. Mutanen Holan ma sai da suka yi kuka. A 1971 mota ta kashe mutum wajen 3,300 a ƙasarsu, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye mata suka fito kan titi, ga kuma tsadar mai ta 1973 ta zo ta same su, dole gwamnatinsu ta saurara. Birnin Sabil na ƙasar Sifen, shi ma tsohon birni ne mai lunguna da zafin rana, daga 2006 ya shimfiɗa wajen kilomita 80 na hanyar keke cikin 'yan shekaru kaɗan, masu hawa suka ninka. In kuwa an ce can nesa ne, to a je Wagadugu, a ga yadda aka keɓe wa masu ƙafa biyu gefensu a manyan tituna. Ba su fi mu kuɗi ba.

Ga abin da muke nema. A sa ɗaliban NITT da na sashen tsara birane na Jami'ar Ahmadu Bello su tsaya a ƙofofin gari su ƙirga masu keke da masu ƙafa, a buga adadin kowa ya gani. A kira taro na masu unguwanni da shugabannin kasuwa da na 'yan acaɓa da masu gyaran keke kafin a ja layi ko ɗaya, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A fara da hanya ɗaya tak, daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada har Kongo, a gwada wata shida, in ta yi kyau a ƙara, a haɗa ta da wata, domin guntuwar hanya wadda ta ƙare a tsakiyar motoci tarko ce. A yi wurin ajiye keke mai tsaro a bakin kasuwanni da makarantu da asibitin Gambo Sawaba. A sa fitila. A liƙa kuɗin aikin da sunan ɗan kwangila a allo. Muna kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya sa baki, domin a cikin ganuwa maganar Fada tana da nauyi.

Mu ma akwai namu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai keke ya gyara birkinsa, ya sa fitila in dare ya yi, ya bar bin hannun da ba nasa ba, kada mu ba wa masu ƙin abin hujja.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa talakawa, lokacin zaɓe yana zuwa kamar yadda ya saba, za su zo da atamfa da taliya da sabulu. Duk wanda ya tsaya a ƙofar gidanka yana neman kansila ko ciyaman ko majalisa, ka tambaye shi a gaban jama'a, “Ina hanyar da ɗana zai bi ya je makaranta a kan keke ya dawo mini da ransa?” In ya yi dariya, ka riƙe dariyar har ran jefa ƙuri'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mu ne masu yawa. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya ba mu shugabanni masu jin kukan na ƙasa, amin.