Mai Kallo Ba Tulu Ba Ne

Duk sa'ad da aka ta da maganar fim, sai mu ji ana cewa yana ɓata tarbiyyar matasa, sai ka ce mai kallo tulu ne, abin da aka zuba masa shi zai riƙe. Wannan tsohon ra'ayi ne, wanda masana suka laƙaba wa suna "allura", watau saƙo ya shige jiki kai tsaye. A 1973 Stuart Hall, haifaffen Jamaika, malami a Jami'ar Birmingham ta Ingila, ya nuna cewa mai shirya saƙo shi ke ƙulla ma'ana, amma mai karɓa ke kwance ta: ko ya amince, ko ya ɗauki wani ya bar wani, ko ya bijire ɗungum.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya shaida ne. Ba su raba mu da addininmu ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne auren dole da taƙaddamar 'ya'ya da iyaye, don mun san su a gida.

Saboda haka, 'yan'uwanmu masu shiga aikin gwamnati, kafin ku sa hannu a takardar hana wani fim, ku fara tambayar masu kallo me suka gani a cikinsa.